Gidan da Kawu Sale Ya Hana Cewa "Wuta"

Ku da kuka san Kawu Sale kun san ba ya gama sallama sai hannunsa ya kai bango. "Salamu alai..." ƙat! Ya kashe maka fitila, sannan ya ƙarasa da "kum". Ranar da aka je nema wa Yaya Nasiru aure a Abaji, gidan surukai fa, kowa ya sunkuyar da kai, Kawu ya miƙe ya kashe ƙwan falon mutane. Waliyyin yarinya ya ce, "Alhaji, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Allah ya kunna tasa tun da safe, ku ma kun kunna taku. Gasa kuke yi da Shi?"

Da ƙasa za ta tsage, da Yaya Nasiru ya shige. An dai ba mu matar.

Mutane na cewa rowa ce. E to, akwai rowar, ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba. Amma shekarun ƙarfinsa duk a gyaran lantarki ya ƙarar da su a wata ma'aikata a nan Abuja, abin da ya fito da shi kuma gidan nan ne na Mararaba, ɗaki takwas da bishiyar mangwaro. Tsoronsa ɗaya a duniya, gobara ta tashi da mutane a ciki. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na girma, don haka ni na fi kowa shan baƙar magana.

Wata Kirsimeti, Oga Bitrus ɗan hayarmu ya nannaɗe mangwaron da fitilun ado, ya haɗa wayoyin ya ɗaure da ledar burodi. Kawu ya fito ya kama faɗa har maƙwabta suka leƙo, ana raɗa cewa rikicin addini ya shigo gidan Alhaji. Oga Bitrus ya ɓata rai ya ce, "Baba, bikinmu ne ba ka so?"

"Kai tafi can! Ba ruwana da cocinka, da ledarka nake faɗa!"

Tsoho da shi ya hau tsani, ya warware komai, ya naɗe da salatif, ya tsaya kai da fata sai da aka canjo masu ƙananan ƙwai da ba sa zafi. Kuma wai dole a sayo masu ƙyaftawa, don a lissafinsa rabin lantarki suke sha, tunda suna hutawa. Ya kafa doka: a kunna da magariba, a kashe bayan isha'i. Da Mauludi ya zagayo sai ga shi ƙofar Oga Bitrus yana sosa ƙeya, wai aron fitilun ya zo. Oga Bitrus ya ce, "Baba, ai na Kirsimeti ne." Kawu ya ce, "Wayar ta gaya maka ta yi baftisma? Miƙo min."

Wadda ba za a manta ba ita ce ta Madam Rahila, matar Oga Bitrus. Kwana uku ba a kawo mana lantarki ba, ranar Kirsimeti da hantsi tana girki a tsakar gida ta ga firij ya tashi. Don murna ta ɗaga ludayi tana ihu, "Wuta! Wuta!" Kawu yana wanka. Ya fito da tawul da kumfa har ido, ya zare fiyus ɗin gidan gaba ɗaya, ya suri bokitin yashin da yake ajiyewa bakin ƙofa. Hayaƙin da ya gani kawai na murhun Madam ne, sai ya juye yashin kaf a tukunyar shinkafa da kaji biyu.

Madam ta ɗora hannu a ka. "Baba, ka kashe ni! An kawo ne fa na ce!"

Ya goge kumfa ya ce, "To ki ce an kawo mana! Ke da kika ce wuta, ni na san wacce?"

Shi ya sayo wata shinkafar, yana ƙunƙuni har kasuwa. Daga ranar ya haramta kalmar a gidan. Ta lantarki a ce "an kawo", ta ɓarna a ce "gobara". Yaya Nasiru, da neman tsokana, ya ce, "Kawu, ta lahira fa?" Ya ce, "Wannan ka ce Jahannama, kuma ka gyara halinka."

Tawa ta zo ranar walimar aurena. Na jona igiyoyin fitila biyar a soket ɗaya, na lulluɓe da labule don kada a ga wayoyin. Ƙawayena sun jeru za a ɗauki hoto, Kawu ya ratsa tsakiyar mata ya shinshina labulen, ya fizge komai. Na ji kunya, na ji haushi, har na ce masa, "Kawu, ko rana ɗaya ba za ka bar mutum ya ji daɗi ba?" Ya sa soket ɗin a aljihu ya fita. Sati biyu ban je gaishe shi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Shi ya zo gidana. Ya ciro soket ɗin daga aljihu ya ajiye a gabana, bayansa ya narke ya yi baƙi. Ya ce, "Hauwa, zauna." Ya ce yana ɗan shekara goma sha biyu, daren Sallah, ya jera kyandir a taga don wata ƙaramar ƙanwarsa ta farka ta ga ado, sai ya ji kiɗa a waje ya fita kallo. Ɗakin ciyawa ne. Ba a fito da ita ba.

"Sunanta aka sa miki," in ji shi. "Ni na kunna, ni na tafi. Ki yi fushi da ni shekara goma, na yarda, in dai kina da ran yin fushin."

Sai na fashe da kuka.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya yafe mana dariyar da muka yi masa ba mu sani ba. Allah ya sada shi da ƙanwarsa a Aljanna, ta gaya masa da bakinta cewa ba ta riƙe shi ba. Amin.