Kofur Zakara, Mai Busar Tashi

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayin a shekarar 1941, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa maƙeri ne mai zafin hannu, mahaifiyarsa kuwa itace take sayarwa. Iliminsa bai wuce aji uku ba uban ya mayar da shi maƙera yana zuga wuta, kuma hakan bai hana shi zama mutum ba, saɓanin da yawa daga masu takardun zamanin nan.

Aikin Soja

A shekarar 1960 ya shiga soja, aka damƙa masa begila, wato ƙahon busa na soja, saboda faɗin ƙirjinsa da daidaiton haƙoransa na gaba, domin a kansu bakin begila ke zama. Shi ke tashin bariki kowace asuba, dalilin da ya sa aka laƙaba masa Zakara, kuma ya sha jifa da takalmi. Babban abokin tsokanarsa shi ne kukun bataliya, wanda kan kwaikwayi busar da baki yana kaɗa ludayi, har su yi kwanaki ba sa ga maciji.

Da yaƙi ya ɓarke, aikinsa ya koma bakin kabari. Ƙa'idar bataliyarsu ita ce a yi wa mamaci busar kwanciya, a yi shiru, sannan a rufe da busar tashi, alamar cewa kwanciyar ba ta har abada ba ce. Ko ana ruwan harsashi bai taɓa yanke ta ba. Ya kan ce, "Wanda na kwantar, sai na tashe shi."

Aure da Iyali

Ya auri wata mai ɗinki a 1972, Allah Ya azurta su da zuriya. Ya yi ritaya a 1985 da muƙamin kofur, ya kama gadi a gidan katako. Babu ɗaya daga 'ya'yansa da ya yarda ya koyi busa, wai abin kunya ne a gaban abokai.

Shekarun Ƙarshe

Duk inda ɗan mazan jiya ya rasu, sai ya sauke begilarsa daga kan ƙusa ya shiga mota. A 2003 haƙorinsa na gaba ya ruɓe, likita ya ce a cire, ya ƙi, saboda busar tashi mai kaifi ce, ba ta fita sai da haƙori. Matarsa ta ce, "Maigida, a kan haƙori ɗaya za ka kashe kanka?" Ya ce, "In an cire, da dasashi zan tashi mutane?" Haka ya daure wa azabar shekara da shekaru, kumatu a kumbure.

A ranar tunawa da mazan jiya ta 2011, ya yi busar kwanciya, aka yi shiru, yana ɗaga begila domin busar tashi sai haƙorin ya karye, iska da jini kawai suka fito. Jama'a suka zaci an kammala, suka yi tafi. Daga nan ƙungiyar tsofaffin sojoji ta sayi lasifika mai busar kwanciya kaɗai, domin manyan baƙi ba sa son tsayuwa a rana. Wannan butulci ne, ba shi da wani suna. Kofur ya daina zuwa taro, kuma bai ɓoye wa iyalinsa fargabarsa ba: za a kwantar da shi babu mai tashinsa.

Rasuwa da Jana'iza

Ya rasu ranar wata Talata a shekarar 2014, bayan doguwar jinya. Da aka idar da addu'a, aka kunna lasifika a ƙofar maƙabarta, shugaban ƙungiya ya duba agogo, mutane suka fara watsewa. Sai tsohon kukun nan, wanda shi kaɗai ya rage a bataliyar, ya doka sandarsa a ƙasa ya ce, "Ku dawo, marasa kunya, ba a tashi Zakara ba!" Ya ƙame irin na soja iya yadda tsufa ya bari, ya yi busar tashi da bakinsa kamar yadda ya saba a da, tun daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya yi dariya.

Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: direban babbar mota, malamar asibiti, tela, mai gyaran rediyo, da autarsu da ke gidan miji. Allah Ya jiƙansa, Ya tashe shi cikin salihan bayi.