Sunan da Sambo Ba Ya Kira

A Zugu, duk macen da naƙuda ta yi wa gardama, mashin ɗin Sambo ake nema. Ɗan kabu-kabu ne, ya san kowane kwazazzabo har bakin kwalta. A aza mai naƙuda tsakiya, wata tsohuwa ta tallafe ta daga baya, shi kuma ya yi ta zuba surutu don kada ta suma.

"Ke Ladi, in kin haihu bisa mashin ɗin ga, ɗan nawa na!" Haka yake tsokanarsu, yana kiran sunansu har asibitin Gummi. Yawancinsu yara ne, ƙugu bai gama buɗewa ba.

Suna ɗaya ne ba ya fita daga bakinsa: Fa'iza, ɗiyarsa ta fari. Kunyar ɗan fari ta sa "yarinyar nan" yake ce mata. Da 'yan bindiga suka sa aka rufe makaranta, aka fara kwashe 'yan mata a ƙauyukan kusa, sai ya ga ɗakin miji ya fi mata tsaro. Ya aurar da ita, shekarunta sha huɗu. Ita har murnar sabbin kwanoninta take yi.

Ta dawo gida goyon ciki. Naƙuda ta kama ta, ta yi gum, don an gaya mata ba a raki a haihuwar fari. Sai da Inna, mahaifiyar Sambo, ta iske ta tana cizon zane.

"Tun yaushe, 'yar nan?"

"Tun shekaranjiya, Inna."

"Sambo! Tada mashin!"

Rana tsaka suka kama hanya. Sambo ya kafa wa hanya ido.

"Yi mata magana mana!" in ji Inna daga baya. "Kai da ka cika ɗiyan mutane da zance? Wuyanta na laƙwashewa!"

"Ke... yarinya, kina ji na?"

"Da sunanta, don Allah!"

Sai da suka hango garin Nasarawa Burkullu bakinsa ya buɗe. "Fa'iza." Ya ƙara kira da ƙarfi. Goshinta ya yi nauyi a gadon bayansa.

"Rage gudu, Sambo," in ji Inna. "Babu sauran gaggawa."

Har yau shi ake nema, sai dai ya daina tsokana. Makaranta ba ta buɗe ba. Bana aka kawo goron neman auren Muhsina, ƙanwar Fa'iza, mai shekara sha uku. Sambo ya daɗe yana kallon goron. Ya karɓa, ya fita zaure ya duƙa yana duba tayar mashin.