Karnen Kaka

Kaka ta iso Agege a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, a nan Najeriya da can gida Nijar duka. Daga ƙauyenmu na bayan Maraɗi ta taso, da ƙullin kaya ɗaya da tarin da ya ƙi jin magani. Ni ina ajin ƙarshe na sakandare. Da Faransanci na yi firamare kafin Baba ya ɗauko mu zuwa Ikko, inda yake sayar da goro. Karatu bai taɓa ba ni wuya ba, magana ce matsalata. Ko a aji in na san amsa, sai in rubuta ta a gefen littafi in bar wani ya faɗa.

A cikin ƙullin nan akwai karne. Ɗan littafi ne da kowane majiyyaci yake riƙewa a wurinmu. Duk ranar da ka je gidan likita, a ciki ake rubuta ciwonka da maganin da aka ba ka, a buga hatimi, a miƙo maka abinka ka tafi gida. Na Kaka guda uku ne aka ɗinke wuri ɗaya da zaren buhu, an naɗe a leda.

Matar mai gidan da muke haya, wadda kowa ke kira Alhaja, haifaffiyar Agege ce, rabin Hausarta Yarbanci. Tun ranar farko ta sa Kaka a gaba.

"Iya, wai gaskiya ne a garinku jaki ne motar asibiti?"

"Jaki ya san hanya, ɗiyata," in ji Kaka, "kuma ba a ɗauke mishi wuta."

Ni dai na san Alhaja tana da gaskiyarta. A yankinmu ɗaki biyu ne gidan likitan, ma'aikaci ɗaya, wanda muke kira manjo. Daga ƙauye sai an yi rabin yini a amalanke. Babu injin hoton ƙirji sai an shiga birni. A Agege kuwa ko wace kwana akwai kemis, motar haya ta danfo ɗaya za ta ajiye ka a ƙofar asibiti mai bene. Na ɗauki karnen da ƙamus, na yi kwana huɗu ina juya shi daga Faransanci zuwa Turanci a sabon littafin rubutu, shafi bayan shafi, har wuraren da hatimi ya rufe rubutu.

A karne na biyu na ga layin da manjo ya rubuta da jan biro ya ja masa layi biyu a ƙasa. Kada a ƙara yi mata allurar fenisilin. Na tambayi Kaka.

"Ai rannan saura kaɗan ka zama gwauro, Maigida," ta ce, don haka take kirana. "Fuska ta kumbura, maƙoshi ya rufe. Manjo da kansa ya bi amalanke a guje."

Zuwanmu asibiti na farko da Baba ne. Aka buɗe mata kati, aka yi hoton ƙirji, Baba ya faɗi maganar allurar aka rubuta a fayil. Abin da ya ɗaure wa Kaka kai shi ne da suka riƙe fayil ɗin.

"Ciwona ne, su riƙe takarda tai?"

Zuwa na biyu motar goro ta iso, Baba bai samu zuwa ba, sai ni kaɗai na raka Kaka. Muka yi layi tun safe har azahar. Aka nemi fayil aka rasa, aka buɗe sabo, aka tura mu wurin wani likita dabam, matashi, da mutane cike a ƙofarsa. Kaka ta kwance ledarta, ta ajiye karne a tebur da hannu biyu, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Haka ake yi a gida. Ba ka yi wa manjo dogon bayani, karne ne yake magana, shi kuma ba ya taɓa ka sai ya karanta. Likitan ya ture shi gefe da bayan hannu, ina jin ya zaci littafin addu'a ne. Ya ɗaga hoton ƙirjin da muka zo da shi, ya saurari bayanta, ya yi rubutu ya miƙo mini.

A baranda na karanta takardar. Fenisilin ne.

Kaka tana gaba tana tafiya hankali kwance, ita a ganinta an karanta. Ni ina bayanta, littafina a hammata. Har muka shiga ɗakin allura ban furta ba. Sai da nas ta huda murfin kwalba ta fara zuƙa, na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Don Allah, sista, kada ki yi mata!"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni da Turancin kasuwa ko ni ne likitan. Na ce a'a. Na buɗe karnen a jan layin, na buɗe littafina kusa da shi. Na karanta mata duka biyun. Ta ajiye sirinjin, ta ce mu biyo ta.

Likitan ya karanta shafin sau biyu. Ya koma farkon littafin yana bi a hankali, mutanen ƙofa suna tsaki. Ya ce wa ya rubuta wannan. Na ce ni. Ya soke allurar ya rubuta wani magani, ya sa aka manna takardar gargaɗi a bangon sabon fayil. Sannan ya jawo karnen da ya ture ɗazu, ya nemi shafin da babu rubutu, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya bayar, ya buga hatimi. Da hannu biyu ya miƙa wa Kaka.

A danfo na gaya mata abin da ya faru, don ba ta ji ko kalma ɗaya ta Turancin ba. Sai da muka wuce Ogba ta juyo ta dube ni.

"Ashe kana da baki, Maigida."

Tarin ya tafi kafin wata ya ƙare, kuma Kaka ba ta taɓa musun cewa hoton ƙirjin nan ne ya gano ciwon ba. Ranar da za ta koma, Alhaja ta leƙo ɗakinmu da sabon littafin rubutu da buhun katunan asibitin 'ya'yanta biyar. Ta ajiye a gabana, ta ce in na gama jarrabawa in yi mata irin na Iya.