Geron Damargu a Sabha

Shekarar da aka yi babban fari na biyu, shekara goma bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, ni ina Sabha ta ƙasar Libiya ina ban ruwa a lambun wani Balarabe. Shekaruna talatin da shida a lokacin. Manomi ne ni daga wani ƙauye kusa da Ollelewa a ƙasar Damargu, ban san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami. Na baro mahaifiyata da matata da yara uku, na baro rumbu biyu cike da gero, na ce musu shekara ɗaya zan yi in dawo da keken ɗinki. Yau da hannuna nake rubuta muku wannan, malaminmu na yaƙi da jahilci ya gyara mini inda na karkace.

Wanda bai je can ba ba zai gane yunwar da ake yi da cikakken ciki ba. Burodi da safe, makaroni da rana, makaroni da yamma, an zuba masa tumatirin gwangwani. Ina ci in ƙoshi, amma in tashi kamar ban ci ba. Wata na biyar wani abokin aiki ya kai ni unguwar da mutanenmu suke, bayan sallar Juma'a, gidan wata dattijuwa mutuniyar Tarka mai dama fura. Nononta na madarar gari ne da take kwantarwa, amma geron namu ne, direbobin Agadas suke kawo mata. Ludayin farko da na kai baki sai ga ni a gindin rumbuna, har ina jin sakan turmin matata. Na juya fuska bango don kada a ga idona. Dattijuwar ta ce in sha kawai, duk wanda na gani zaune a tabarmar nan ya yi wannan kukan kafin ni. Inna muke ce mata, ita kuma ta ce mana 'ya'yana.

Daga nan Juma'a ta zama ƙauyena. Kwana shida ina jan tiyo a rana, ran na bakwai in sha fura in ji Hausa. Kullum sai na tambayi Inna geron ina ne, ta ce na Damargu mana, wane gero ne zai yi wannan ƙamshi. Sai na ƙulla wani lissafi a raina: in har geron Damargu ya ishi Damargu, ya yi saura ya keto hamada ya zo Sabha, to gida lafiya. Furar ta zame mini wasiƙa. Shekara ɗaya ta zama biyu, ta zama uku, ban ji ciwon abin ba.

A wurin akwai mutum ɗaya da ya yi lakwal, wato makarantar boko, shi ke karanta wa kowa takarda. Amma a tsakiyar jama'a yake karantawa, ya siranta murya kamar ta mace, ya ƙara gishiri. Wani bawan Allah matarsa ta roƙi sabulu a takarda, har ya bar garin ana kiransa Mijin Sabulu. Ni ma na yi dariya. To, wata biyu kafin Sallar Layya wani direba ya miƙo mini tawa. Mai karatun ya miƙo hannu yana cewa in kawo a ji abin da uwargida take so, ko turare ne ko ni. Aka fashe da dariya. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce na san abin da ke ciki, gaisuwa ce.

Ba zan ce ban ji labarin fari ba. Rediyo ya faɗa, sababbin zuwa sun faɗa. Wani mutumin Belbeji da ya iso a rame ya ce gero bai ko fidda kai ba, shanu na mutuwa a bakin rijiya. Na miƙa masa ludayi na ce ya ɗanɗana ya faɗa mini wannan geron daga sama ya faɗo. Na ce masa ƙasarmu da faɗi, ruwa ya tsallake wani wuri ya sauka wani wuri, kuma ni rumbu biyu na bari. Ya sha, ya dube ni. Inna kuwa ta tashi ta shige ɗaki.

Sai bayan shekara guda na iske ta ita kaɗai tana surfe, na ga buhun geron da rubutun Larabci a jikinsa. Na tambaye ta. Ta ajiye taɓarya ta zauna, ta ce tun kafin a yi farin nan geron gida ya yanke, wannan a kasuwa take saye, ita ma ba ta san ƙasarsa ba, citta da kanumfari take ƙarawa. Ta ce ta ga in ta faɗi gaskiya za mu kasa haɗiya, ga mu ba mu da kowa. Ta roƙe ni gafara. Ban ga laifinta ba, abin da nake so in ji ta faɗa mini. Sati bai cika ba na hau mota.

Na iske gidanmu babu danga, rumbunan sun rushe. Ƙanen mahaifina ne ya zaunar da ni ya ba ni labari. Mahaifiyata ta rasu da kumburin ƙafa. Matata ta ɗauki yara ta bi jama'a kudu, ƙyanda ta kama autarmu a sansanin da ke bakin Damagaram, can aka binne ta. Da shiru ya yi yawa, alƙali ya raba auren, ta yi wani a Najeriya, ta tafi da yaro ɗaya. Babban ne aka bar mini. Sai da ya yi wata uku kafin ya ce mini Baba.

Takardar na riƙe ta shekara huɗu ban ba kowa ba, tsoro ya maye gurbin kunya. Saboda ita na shiga karatun manya a Tanut. Bara na buɗe ta, na yi kwana uku ina haɗa baƙi. Layi shida ce. Matata ta ce rumbu ya ƙare, an ci iri, tsohuwa ba ta iya tashi. Ta ce ba ta son keken ɗinkin. Ta ce za su jira ni har Sallar Layya. Daga Sabha zuwa ƙauyenmu kwana ashirin ne, ni kuwa kwana sittin nake da su.

'Yan'uwana masu tafiya neman abinci, ku sha furarku in kun samu, ban hana ba. Amma ƙwarya ba ta san halin da gidanku yake ciki ba. In takarda ta zo ku bayar a karanta ran da ta zo, ko duk garin zai yi dariya, in kuma da hali ku koyi karatun da kanku. Ni dariyar yini ɗaya na gudu. Na rasa uwa, na rasa 'ya, na rasa mata, ɗa ɗaya yana hannun wani. Har yau in an dama fura a gidan da nake, fita nake yi.