Ledar da Na Hana a Cire wa Katifa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ban ce muku uffan ba a wannan shafi, kuma na ga saƙonninku ban amsa ba. Ku yafe mini. Kwance nake. Karayar da kuka ji labarinta ba ita ce ta kusa kai ni kabari ba, katifa ce.

Na taso daga makarantar da nake koyarwa a Tsibiri, ina kan kabu-kabu, akuya ta gitta mana. Na faɗi a kan ƙuguna. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashin ya tsage wuri biyu. Babu aikin tiyata, sai kwanciya ta sati takwas.

Maigidana ya tafi kasuwa ya sayo sabuwar katifa ta jika arba'in da biyar, mai tauri kamar katako, don mai shago ya ce masa ita ce ta masu ciwon baya. Ta iso gidanmu a unguwar Zariya tana ƙyalli cikin ledarta. Ya kama zai yage, na ce kada ya soma.

Kun san halinmu. Katifar aurena ma shekara shida tana cikin ledarta. Balle yanzu da nake fitsari a kwance cikin fo. Na ce ba da ni za a ɓata sabuwar katifa ba. Aka shimfiɗa mini zane ɗaya a kai.

Bazara ce, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Gumi ya riƙa taruwa a ƙarƙashina, ba shi da inda zai bi.

Inna ta zo jinyata. Ni ce 'yarta ta fari, tun da aka haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai dai "ke". Tana goge mini fuska da hannu da ƙafa, amma in ta zo baya sai ta zura hannu ƙarƙashin zane, ta juya fuskarta bango. Ni ma kunyarta nake ji. Haka muka yi sati uku babu wanda ya kalli bayana.

Da farko raɗaɗi na ji a ƙasan baya, daidai inda ƙashi ke danne katifa. Daga baya ya daina, har na yi murna.

Sai wari. Na rantse ɓera ne ya mutu, na sa Inna ta share ƙarƙashin gado, ta yi ta zuba turaren wuta. Ashe ni ce nake ruɓewa.

Da zazzaɓi ya rufe ni, aka kira majo, ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu. Tana shigowa ta tsaya, ta ce a juya ni. Aka juya ni, ta duba bayana.

"Tun yaushe wagga leda take ƙarƙashinta?" in ji ta.

Maigidana ya fita waje, na ji yana kuka.

Rami ne a ƙasan bayana da ƙwai zai zauna a ciki, bakinsa baƙi ƙirin. Ranar aka mayar da ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka sa mini ƙarin ruwa, aka sake hoto. Likita bai ɓoye mini ba: "Madam, in ya kai ƙashi, ba ni iya yi miki alkawarin komi."

Kwana uku muna jiran sakamako. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na kira maigidana na gaya masa in na mutu ya bar Nana, 'yarmu, wajen Inna. Da suka fara kankare mataccen naman kuwa, wallahi na roƙi Allah ya ɗauki raina in huta. Ina kuka ina tunanin wai ni ce zan bar 'yar shekara huɗu marainiya saboda leda.

Inna ce ta riƙe kaina. Wannan karon ba ta juya fuska ba, ta kalli ramin da idonta. Sai na ji bakinta a kunnena: "Rakiya, ɗiyata, yi haƙuri. Ni ce ban duba ba."

Shekara talatin da huɗu ban san yadda sunana yake a bakinta ba.

Alhamdu lillahi, bai kai ƙashi ba.

Kafin a sallame ni Inna ta riga ta je gida ta keta ledar da wuƙar yankan albasa. Majo ta sa aka nemo wani soso mai laushi, mai tudu da kwari kamar tiren ƙwai, aka ɗora a kan katifar. Mai taurin tana tallafe ƙashi, mai laushin yana raba nauyi. Aka shimfiɗa zanen auduga. Duk awa biyu Inna da maigidana suna juya ni a hankali, matashi tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sharaɓa don diddige ya bar katifa. Kullum majo na wanke gyambon. Wake, ƙwai da zogalen garin Jiratawa kuwa, na ci har na tsane su.

Ƙashin ya haɗu tun tuni, gyambon kuwa sai da ya ci wata huɗu. Shekaranjiya na taka har ƙofar gida da sanda.

Ina roƙonku, in kuna da mai jinya a kwance, ku cire ledar nan. Kada ku kwantar da shi kan tauri zalla. Ku juya shi, ku duba bayansa da idonku kullum, ko surukinku ne. In kun ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi, ku kira ma'aikacin lafiya ranar.

Allah ya saka wa majo, da maigidana, da duk wanda ya sa ni a addu'a. Allah ya bar mini Inna.

Katifar tana nan duk tabo, ba na ma rufe shi. Inna kuwa ta koma kirana "ke". Ban damu ba, na riga na ji.