Wata Baiwar Allah Mai Gona a Inkil

Ƙarshen bazara ne, lokacin da hadari yake haɗuwa kullum da yamma, ya yi baƙi ƙirin, sannan iska ta watsa shi ba ko ɗigo. Shekarar kuwa ta zo mana da nauyi. Man fetur ya yi tsada, ya ja komai ya hau sama da shi. Mai keke in ya faɗa miki kuɗin zuwa kasuwa sai ki tsaya kina kallonsa, shi ma yana kallonki, an rasa wanda za a ga laifinsa. A gidaje da dama na unguwarmu ta Wunti an daina ɗora tukunyar rana, ba tare da wani ya faɗa wa wani ba.

Cikin wannan hali ne ƙanena ya zo mini da maganar gonar Inkil. Gado ce mahaifinmu ya bar mana, rabona da nasa a manne, jerin gamba ne kawai ya raba. Gari ya ci gaba har ya isa can. Wani mai hali yana so ya saya ya yanka filaye, amma ya ce sai dai duka biyun, domin ta ɓangarena hanya take.

"Yaya, ke kaɗai nake jira," in ji ƙanena. "Da ruwa ya sauka mutumin nan zai duba wani wuri. Ga jarina ya karye, ga autarki tana son karatun jinya. 'Yan dammunan geron da kike samu a can, su za su kai ta?"

Na ce masa zan yi shawara.

Da na kai wa maigidana maganar, sai ya ɗaga hannuwa biyu. "Hajiya, gadonki ne. In na ce ki sayar, gobe a ce miji ya cinye mata gona. In na ce ki bari, ƙaninki ya daina gaishe ni."

To, tun da Malam, maigidan nawa, ya bar aikin gwamnati zaurenmu ya zama majalisa. Duk Asabar bayan la'asar abokansa suke taruwa: wani malamin jami'a mai koyar da tattalin arziki, wanda suke kira Furofesa, da wani marubucin littattafai, da limamin masallacin layinmu. Hirarsu ba ta da linzami. Su fara da farashin masara, kafin shayi ya huce sun kai ga dalilin da ya sa yaran yanzu ba sa gaisuwa, ko yadda wata ƙasa mai nisa ta fita daga talauci. Akwai 'yar taga tsakanin kicin da zaure, ta nan nake jin su. Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi haɗa baƙi. Amma malamarmu ta sha faɗa mana cewa abin da ba ki gane ba, ki tambayi wanda ya sani.

Na ce, "Malam, ka tambayar mini abokanka mana. Amma don Allah kada ka ce ni ce. Ka ce wata baiwar Allah ce." Haka mata suke yi in za su aika wa malamai tambaya a rediyo.

Ranar Asabar na jawo kujera 'yar tsugunno gindin taga, na ɗora faifan tsintar shinkafa a cinya. Malam ya gyara murya ya faɗi tambayar daidai yadda na ba shi.

Furofesa ne ya fara. Ya ce a daina duban abin da gonar take ba ta, a dubi abin da take rasawa saboda riƙe ta, domin duk abin da mutum ya riƙe, ya saki wani ne. Ashe shekara da shekaru asara nake yi ban sani ba. Ina cikin wannan tunani sai na ji shi dai mutumin yana cewa kuɗi a zamanin nan kamar ƙanƙara yake a hannu, ƙasa kuwa ba ta narkewa.

"To, ta sayar ko ta bari?" in ji Malam.

"Ya danganta."

Marubuci ya ce, "Tsaya tukuna. Baiwar Allahn nan mijinta ya rasu ne?"

Malam ya yi ɗan tari. "Yana nan da ransa."

"Af, to ba shi da amfani ke nan."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ko da yake ba mai ganina. Marubucin ya ci gaba, ya ce shi ya ga mutanen da suka sayar da gonaki sun dawo gadi a ƙofar gidajen da aka gina a kai. Liman ya ce gado halal ɗinta ne, amma zumunci ma haƙƙi ne, ta yi istihara. Na so in ce na yi, na kuma sake yi, zuciyar dai tana nan tsakiya. Kafin in ankara sun koma maganar layin gidan mai, har aka kira magariba.

Na zaci Asabar mai zuwa za su ƙarasa. Abin da ya faru shi ne, baiwar Allah mai gona ta zama misalin majalisa. Ko maganar taki ake yi, ko ta auren zamani, sai wani ya ce, "Ku ɗauki misalin baiwar Allahn nan." Marubuci ya mai da ita tsohuwa daga ƙauyen Zungur, ya ba ta 'ya'ya maza da suka tafi kudu ba sa waiwayenta. Furofesa ya ba ta awaki, ya ce in da dabara su za ta fara sayarwa. Ni ko kaza ba ni da ita. Wata rana har na ji ƙwalla ta taru mini saboda tausayin matar nan, sai can na tuna ai ni ce.

Furofesa ya ce ba son gona ne ya hana ta yanke shawara ba. Wai ɗan Adam zafin rashi ya fi damunsa a kan daɗin samu, ko da samun ya fi yawa.

"Kai dai Furofesa," in ji marubuci, "ko tsamiyar da aka binne cibiyarka a gindinta aka nuna maka, sai ka tambayi itacen girki nawa za ta yi."

"Kai kuma littattafanka da ba a saye, da tausayi kake biyan mai gidan haya?"

Duk wanda ya yi magana sai in ji shi ne da gaskiya, har sai na gaba ya buɗe baki. In kwanta a kan zan sayar, in tashi a kan ba zan sayar ba. Ina ganin yadda Auta take bin fuskata da ido in ƙawayenta sun zo da labarin makaranta.

Asabar ta ƙarshe, ƙanena ya leƙo da azahar, ko zama bai yi ba. "Yaya, kin ji ƙamshin ƙasa kuwa? An yi ruwa a ƙauyuka. Gobe nake son amsa."

Da yamma na matsa jikin taga kamar in shige. Furofesa yana cewa akwai shawarar da ake iya warwarewa, akwai wadda ba a iyawa: wanda ya jira yana iya sayarwa baɗi, wanda ya sayar ba ya iya dawowa. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau an zo wurin. Sai ya ƙara da cewa, "Amma fa jira ma ba kyauta ba ne. Shekarar yarinya ba ta tsayawa, mai saye ma..."

A nan ruwan ya ɓarke. Ya dinga dukan kwanon rufi har ba na jin ko motsin cokali. Ina ganin inuwarsu ta taga suna ta magana da hannu, ni kuwa ko kalma ɗaya ba na ji. Da ya ɗan tsagaita suka miƙe. Liman ya tsaya daidai saitin tagar, ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Malam, a gaida mana baiwar Allah. A ce mata shayi ya yi daɗi."

Tun yaushe suka sani? In sun sani, wace magana ce tawa, wace ce ta tsohuwar Zungur?

Da Malam ya shigo na ce, "Me kuka tsayar?"

"Hajiya, mu ai ba ma tsayar da magana. Da muna tsayarwa, da majalisar ta watse tuntuni."

Washegari bayan asuba na ɗebi irin gero a ƙwarya na ɗaure a zane. A wajenmu ba a ɗora bulo a gonar da ke da shuka, sai an girbe. Na fara biyawa ta gidan ƙanena, don kada ya ji a bakin wani.

"Bana zan shuka," na ce. "In an yi girbi mu sake zama."

Ya daɗe yana kallon ƙullin da ke hannuna. "Yaya, malaman naki ne suka ce haka?"

"Ɗaya ya fara cewa haka. Ban ji ƙarshen ba."

Bai raka ni ƙofa ba. Auta ta biyo ni muka hau keke har Inkil. Gabas da gonar an riga an ja katanga, yamma an jibge yashi. Mutumin da yake yi mini ƙodago ya kama sara da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, yadda mahaifinmu ya koya mana. Auta ta tsaya a gindin gamba har muka kai ƙarshen layi. Da muka juyo, ta miƙo hannu na zuba mata iri.