"Da Sauƙi" Irin ta Kawu

Ana tsaka da kallon wasan ƙwallo jiya da yamma a gidan kallo na unguwarmu a Kazaure, sai ɗan wasan gaba na kulob ɗin da muke goyon baya ya zube yana dukan ƙasa. Ranga-ranga aka fita da shi.

Kafin hutun rabin lokaci kulob ɗin ya fitar da sanarwa, wai ɗan bugu ne, likitoci na dubawa. Mutumin da ko tsayuwa ya kasa.

Kawuna da ke gefena ya taɓe baki. "Ashe Turawa ma sun iya 'da sauƙi' irin tamu. Ɓoyewa suke kada abokan karawa su gano lagonsu."

Na kalli ƙafarsa da yake ja tun da ya faɗi a babur, ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Kowa ya tambaye shi, da sauƙi.

Na ce, "To Kawu, kai wace ƙungiya kake ɓoye wa?"

"Hajiya mana. In ta sani, ni da kallon ƙwallo sai a mafarki."

Ban jira an tashi wasa ba, na kira matar tasa na ba ta cikakken rahoto. Yanzu haka muna asibiti, ko kallona ba ya yi.

A gidanku wa ke fitar da irin wannan sanarwar?